Tambaya da Amsa: Kayan Tafiya Antatika Daga Sakkwato

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikaci ne, na ajiye aiki, ina zaune a Runjin Sambo. Babban ɗana da ke aiki a ƙasar waje ya biya mana kuɗin tafiya ni da mahaifiyarsa a jirgin ruwa mai zuwa Antatika a watan Janairu. Kamfanin ya turo mana dogon jerin kaya da Turanci, rabinsu ban taɓa jin sunansu ba. Ina da babban kwat ɗin da na saya lokacin da na je kwas Ingila, da suwaita biyu, da rawani. Hajiya kuma ta ce ita ba za ta sa wando a gaban mutane ba. Ina da kyamara Canon mai gilashi biyu, da ita nake ɗaukar hoton jikoki da na gona. Don Allah me za mu ɗauka, me za mu bari? Kuma yaya za mu yi da salla a inda aka ce rana ba ta faɗuwa?

Mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, Allah shi yi wa yaron nan albarka, shi kai ku lafiya, shi maido mana da ku lafiya. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, don samun Basakkwace a wannan hanya sai an tona.

Bari in fara kwantar maka da hankali. Janairu tsakiyar lokacin zafinsu ne can. Jiragen yawon buɗe ido suna zuwa ne daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ba tsakiyar nahiyar suke kai mutane ba, inda sanyi kan wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Galibinsu suna tashi daga Ushuwaya, garin da ke can ƙarshen kudancin Ajantina, su tsallaka mashigin Drake cikin kwana biyu, su tsaya a gefen wani dogon hannu na ƙasar da ya miƙo wajen Kudancin Amurka. A nan ma'auni yana yawo ne a kusa da sifiri, wata rana ya hau zuwa 3 ko 5, wata rana ya ɗan sauka ƙasa. Daren hunturun da ke sa mu kwana kusa da gaushi wajen digiri 15 ne, don haka akwai tazara, amma tazara ce da tufafi ke iya cikewa.

Abin da nake so ka riƙe a ranka tun yanzu shi ne ruwa. Sanyinmu na nan busasshe ne, mai hazo, maganinsa kauri: ka ɗora riga kan riga, ka naɗa rawani, shi ke nan. Can kuwa jiƙa ce ke kai wa mutum sanyi har ƙashi, kuma ta ƙofa uku take shigowa, wato gumin jikinka, da feshin teku, da raɓar da ke kwantawa a kan kyamara. Idan ka sake duba jerin da aka turo muku da wannan idon, za ka ga kusan kowane abu a ciki an sa shi ne don ya toshe ɗaya daga cikin ukun.

Na fi jin tsoron gumi, saboda duk akwatin Bahaushe auduga ne. Singileti, shadda, yadi, atamfa, har safa da gajeren wando na ciki. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ba ta saki da wuri, kuma jiƙaƙƙen ƙyalle a jikin fata janye ɗumi yake yi. Ga yadda abin ke faruwa: an sauke ku a gaɓa, kun hau tudu cikin dusar ƙanƙara da dogon takalmi, bayanka ya jiƙe da gumi ba ka ma sani ba. Sai a ce a koma jirgi, ka zauna shiru a kwale-kwale iska na kaɗawa. A nan ne singiletin nan zai koma kamar an manna maka ƙanƙara. Shi ya sa suka ce rigar da ke taɓa fata ta zama ta ulun merino ko ta poliyesta, mai dogon hannu, da dogon wando irinta, masu kama jiki. Kowannenku ya samu saiti biyu ko uku. Ulun merino ya fi tsada, amma ba ya saurin wari, kuma ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi.

A kan wannan sai a ɗora hawa na biyu, mai tara ɗumi. Suwaitocinka za su yi idan na ulu ne. Juya su ka karanta ƴar takardar da ke ɗinke a wuya ko a gefe, in auduga ce ta fi yawa ka bar su a gida. Riga mai laushi ta filis, mai zif har ƙasa, ta fi su amfani, don kana iya buɗewa idan ka fara jin zafi a kan tudu. Hawa na uku shi ne mai tare iska da ruwa, kuma yawancin kamfanoni suna ba kowane fasinja babbar rigar sanyi mai hula, su kuma ara masa dogon takalmin roba. Ɗanka ya tabbatar da wannan a rubuce, ya aika musu da awonku.

Kwat ɗin Ingila, ranka shi daɗe, ka bar shi ya huta. An yi shi ne don titin Landan. Yana da nauyi, yana shan ruwa, rigar ceto ba za ta zauna daidai a kansa ba. Rawani ma haka. Hikimar da ke cikinsa daidai take, a rufe kunne da wuya da baki, sai dai numfashi yana jiƙa shi, kuma jelarsa tana iya saƙalewa a wurin hawa da sauka. A madadinsa ka samu hular ulu mai rufe kunne, da irin ƙyallen nan mai zagaye da ake zura kai a ciki ya zauna a wuya, guda biyu, ɗaya na bushewa kana sanye da ɗaya.

Abin da kamfanonin ba sa bayarwa, kuma ba za su bar ku ku fita babu shi ba, shi ne wandon da ruwa ba ya ratsawa. Jirgi ba ya kusantar gaɓa, babu tashar da zai tsaya. Ƙananan kwale-kwale na roba da ake kira Zodiac ne ke ɗaukar mutum goma zuwa goma sha biyu, a zauna a kan gefen da aka hura, inda kullum a jiƙe yake. Idan an isa, zamewa za ka yi zuwa gaba, ka juya ƙafafu waje, ka taka cikin ruwa har ƙwauri. Ruwan nan bai wuce digiri 1 ko 2 ba. Ƙafar wando a saman takalmi take zama, kada ka cusa ta ciki, in ba haka ba duk abin da ya gangaro cikin takalmin zai shige. Safa biyu, siririya a ciki, mai kauri ta ulu a waje, takalmi kuma ya ɗan fi ƙafarka, don matsattsen takalmi yana hana jini gudu, ƙafa ta daskare ko da safar ta kai nawa. Safar hannu ma biyu: siririya da za ka iya danna kyamara da ita, da babba mai hana ruwa a kai, sannan wata ta ajiya a jaka, don da zarar ta jiƙe ta gama aiki a wannan fitar.

Ina za a samu? Mafi sauƙi yaron ya sayo can inda yake. Idan kuma a nan ne, ƴan gwanjo suna da su, a babbar kasuwa ko a Ƙofar Wambai ta Kano, sai dai a je da wuri kafin hunturu ya shigo kuɗinsu ya tashi, tun ran gini ran zane. Idan ka samu wandon ruwa na gwanjo, ka juya cikinsa ka duba ko an bi kowane ɗinki da wani siririn tef, kuma bai fara ɓarewa ba. Ka je gida ka sa shi, ka zauna a jiƙaƙƙen benci na ɗan lokaci, a zuba maka ruwan buta a gwiwa. In ka tashi a bushe, ya yi. A Ushuwaya ma akwai shaguna a titin San Martin masu sayarwa da ba da haya, amma wannan na cike giɓi ne.

Yanzu maganar Hajiya, a gaishe ta. Damuwarta mai tushe ce, kuma ina ganin idan ta ga kayan da idonta hankalinta zai kwanta. Wandon ruwa ba ya kama jiki, buhu-buhu ne, a kan wasu wanduna biyu ake sa shi. Rigar sanyin da za a ba ta tana sauka har ƙasan ƙugu, tana iya neman wadda ta fi awonta girma. Ga hula, ga ƙyallen wuya har hanci, ga tabarau, ga rigar ceto. A cikin Zodiac sau da yawa ba ka bambance namiji da mace sai an yi magana. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne zane ko dogon hijabi a cikin kwale-kwale, don iska za ta cika shi, yana iya harɗe mata ƙafa a daidai lokacin da take tsallakawa daga matakalar jirgi, igiyar ruwa na ɗaga kwale-kwalen tana saukewa. Ta samu ƙaramin hijabi mai kama kai, na poliyesta, ta tura bakinsa cikin riga. A cikin jirgi kuwa ɗumi ne kamar ɗaki, ta sa doguwar rigarta da babban hijabinta yadda ta saba. Sharaɗi ɗaya: takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ku duka biyu, banda silifas, don bene yana santsi. Kai ma ka sa kaftani ɗaya ko biyu na cin abincin dare. Za su yi maka amfani a Buenos Aires, babban birnin Ajantina da za ku ratsa, inda Janairu zafi ne sosai, wajen digiri 30.

Kada ku raina rana. Dusar ƙanƙara da ruwa suna maido da haske sama, har ƙarƙashin hanci da haɓa suna ƙonewa, kuma baƙar fata ba ta tsira. Tabarau mai tare hasken UV wajibi ne, da man kare rana mai lamba 30 ko 50. Man kaɗanya ku tafi da shi don faso da bushewar leɓe, amma ba ya maye gurbin wancan.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Kafin a sauke ku karon farko, za a tara kowa da duk kayan da zai fita da su, a bi su da injin zuƙe ƙura, aljihu bayan aljihu, a duba maɗaurin nan mai mannewa da ake kira Velcro da ƙasan takalmi, kowa ya sa hannu a takarda. Dalili shi ne a duk faɗin nahiyar tsiro mai fure iri biyu ne kacal na asali, kuma wata ciyawar Turai ta riga ta kama ƙasa a tsibirin King George. Ƙungiyar kamfanonin da ke kai baƙi can, IAATO, wadda aka kafa a 1991, ta tsaurara a kan wannan. To ka tuna jakar kyamarar da kake zuwa gona da ita. Tawa ta sha yawon daji da bakin gulbi a Argungu, kuma kafin tafiya sai da na zauna a tsakar gida da allura da tsohon buroshin haƙori, ina ciro ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya daga Velcro, ina kakkaɓe ƙaiƙayin gero daga kusurwar aljihu. Ƙarangiya tana shiga can ƙasan gashin maɗaurin ta kwanta, sai ka tanƙwara shi a rana kafin ka hango ƙayarta. Na san da wuya ta tsira a ƙanƙara, amma doka ba ta ware iri ba, kuma ni ina ganin daidai ne. Ka yi wannan aikin a gida cikin natsuwa.

Dokokin gaɓa su ma suna shafar abin da za ka ɗauka. Ba a sauke fiye da mutum 100 a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ba a kusantar tsuntsayen fengwin ƙasa da mita 5, ba a fita da abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Saboda murar tsuntsaye, wadda ta isa tsibirin South Georgia a 2023, ta kuma kai yankin Antatika a 2024, an hana zama da durƙuso da ajiye jaka a ƙasa. Ke nan jakarka ta zama ta goyo, wadda ba za ta gajiyar da kai ba na sa'a biyu a tsaye.

Kyamararka ta isa, kada kowa ya sa ka sayen sabuwa. Ina zaton gilashinka ɗaya gajere ne, ɗaya kuma dogo mai kaiwa milimita 250 ko 300. Dogon na tsuntsaye ne da dabbobin ruwa, gajeren na duwatsun ƙanƙara. Ka zaɓi ɗaya tun a cikin jirgi, kada ka taɓa buɗe kyamara a cikin Zodiac, ɗigon ruwan gishiri ɗaya ya isa ya lalata cikinta. Ni dogon nake ɗaurawa, in bar wa waya hoton fili, wayar kuma a ɗaure da igiya a wuyan hannu, don hannu mai safa ba ya riƙo. Ka sayi jakar da ake naɗe bakinta sau uku a ɗaure, wadda ruwa ba ya shiga, kyamara ta zauna ciki duk lokacin da kwale-kwale ke gudu. Ƙyallayen goge gilashi uku ko huɗu, a aljihu daban-daban. Da yamma ka ɗan jiƙa ƙyalle da ruwan sha ka goge gishirin da ya bushe a jikinta. Sandar nan mai ƙafa uku ka bar ta, haske ya wadata, jirgi kuma ba ya daina rawa.

Kafin ka tashi akwai gwaji biyu da za ka yi a nan gida. Na farko don ƙurar hunturu: ka matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa. Duk ɗigon da ka gani ƙura ce a cikin kyamara. A hoton jikoki ba ta fitowa, amma a kan farar ƙanƙara za ta bayyana a kowane hoto, wuri ɗaya. Ka kai wa wanda ya iya ya goge. Na biyu, ranar Juma'a ka ɗauki wani mai farar babbar riga a rana, ta cika hoton. Za ka ga ta fito ruwan toka, saboda ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Sai ka nemi maɓallin ƙarin haske, ka kai shi +1, ka sake ɗauka. Haka za ka yi wa dusar ƙanƙara. Ina so yatsanka ya san wurin maɓallin nan ba tare da ka duba ba, har da safar hannu. Daga cikin kwale-kwale kuma saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa.

Sanyi yana kashe batir da wuri. Ka tafi da uku, biyu su zauna a aljihun ciki kusa da ƙirji. Wanda ya nuna ya mutu kada ka yanke masa hukunci, in ya ɗumama yakan farfaɗo. Katin memori ka ninka abin da kake zato, kuma kada ka dogara da intanet ɗin jirgi wajen ajiye hotuna.

Sai raɓa, ƙofa ta uku. Ka san yadda ledar ruwan sanyi ke tsattsafo da ruwa a jikinta da zarar an fito da ita daga firji a watan Afrilu. Kyamarar da ta yi sa'a biyu a sifiri haka za ta yi idan ka shiga da ita ɗaki mai ɗumi, kuma ba bayanta kaɗai ba, har cikin gilashi da wayoyinta. Maganin ba ya cin ko sisi. Kana waje tukuna, ka cire kati da batir ka sa a aljihu, ka rufe kyamarar a cikin jakarta ko a leda mai zif, ka shiga da ita a rufe, ka bar ta sa'a ɗaya ko fiye kafin ka buɗe. Raɓar sai ta kwanta a bayan leda. Zumuɗin ganin hoto ne ke sa mutane buɗewa da wuri, shi ya sa na ce ka cire katin.

Wajen ɗaurin kaya, kyamara da batura da magunguna da saiti ɗaya cikakke na kayan sanyi su shiga jakar hannu. Hanyar tana da tsawo, daga Sakkwato zuwa Abuja ko Kano, a bi ta Addis Ababa ko Istanbul, a sauka Buenos Aires, sannan wani jirgin na wajen sa'a uku da rabi zuwa Ushuwaya. Idan akwati ya maƙale a hanya jirgin ruwa ba zai jira shi ba, don haka ku isa da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi. Jirgin cikin gida na Ajantina yakan ba da nauyi ƙasa da na ƙasa da ƙasa, da nasa awon za ku ɗaure kaya. Batirin lithium ba ya shiga akwatin da ake aunawa, kuma iyakar da ake bari ba tare da izini ba 100Wh ce. Fawa bank mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, ya wuce lafiya. Manyan nan da muke saye saboda rashin wuta, masu 30,000 zuwa sama, sun haura iyaka, ana iya ƙwace su. Soket ɗinsu ma ba irin namu ba ne, ku sayi adafta mai shiga ko'ina. Kilishi da ɗanyen goro ku ci a gida, Ajantina ba ta barin shiga da nama ko ɗanyen tsiro. Bizar Ajantina a nema da wuri a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, a haɗa da katin rigakafin shawara.

Mashigin Drake yana da faɗin wajen kilomita 800, wani lokaci a kwance, wani lokaci sai an riƙe bango. Ku ga likitanku kafin tafiya kan maganin jiri da amai, musamman idan akwai hawan jini, ko ciwon ido na gilakoma, ko matsalar fitsari ta manya, don maganin jirin da ake mannawa a bayan kunne bai dace da wasu daga cikinsu ba. Ana shan magani kafin jiri ya fara. Inshorar ɗauko marar lafiya da jirgin sama kuma yawancin kamfanoni suna wajabta ta.

Batun salla, ni ba malami ba ne, sai dai in faɗa maka abin da za ka tarar, ka kai wa malaminka. A inda yawancin jirage ke tsayawa rana tana faɗuwa a Janairu, sai dai a makare ƙwarai, ta ɓuya ƴan sa'o'i ta dawo, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa. Wato Azahar da La'asar da Magariba kana ganin alamarsu, Isha'i da Asuba ne ke buƙatar ƙaddarawa, kuma malamai sun yi bayani a kan haka. Ka tambaye shi har da ƙasaru da haɗa salloli, ka rubuta amsar a takarda ka sa cikin fasfo. A gaɓa ba za ta yiwu ba tunda an hana durƙuso, amma fita ba ta cika wuce sa'a biyu zuwa uku ba, ɗakinku kuma ya ishe ku shimfiɗa darduma. Alƙibla daga can tana gabas kusan sak. Kamfas yana rikicewa a cikin ƙarfen jirgi, jirgin kuma yana juyawa, don haka ka tambayi ma'aikata inda hancinsa ya dosa. Ku sa ƙaramar buta ta roba a akwati, ba za ku samu a banɗakinsu ba. Kuma ku kewaya kafin kowace fita, a gaɓa babu wurin yi, duk wanda ya matsu sai an mayar da shi jirgi. Huffin fata da dukawanmu ke ɗinkawa zai sauƙaƙa muku alwala a filayen jirgin sama. Abinci kuma a sanar da kamfani tun yanzu cewa ba ku cin alade da abin da aka dafa da giya, kifi da ganye ba sa yankewa a teburinsu.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne ɗan Mabera, ina karatu a Ingila. Na tara kuɗi zan bi jirgin ruwa zuwa tsibiran Svalbard da ke can arewa da Norwe a Yuli don in ga farin beyar. Gilashina iyakarsa milimita 200. Ya isa? Kuma ina son in tafi da ƙaramin jirgina marar matuƙi.

Mai karatu daga Mabera, yanzu a Ingila

AMSA: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah shi ba da sa'ar karatu. Duk abin da na faɗa wa Alhaji kan auduga da wandon ruwa da raɓa ya hau kanka, ko da yake Yuli a Longyearbyen, babban garin Svalbard, ya ɗan fi sauƙi, wajen digiri 6 zuwa 7.

Gilashinka bai isa ba idan beyar ne burinka. Tun 1 ga Janairun 2025 dokar Norwe ta ce kada a kusance shi ƙasa da mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. A wannan nisa milimita 200 ɗigon fari kawai zai ba ka a cikin fari. Kana buƙatar 400 zuwa sama. Kada ka saya, a Ingila akwai masu ba da hayar gilashi na mako ɗaya ko biyu, ka karɓa da ƴan kwanaki a gaba ka saba da nauyinsa a kan tsuntsayen unguwa. Ka haɗa da madubin hangen nesa mai lamba 8x42, da shi za ka fi ganin dabbar fiye da ta kyamara. Kuma ka sani babu kamfanin da zai iya yi maka alkawarin ganinsa. Idan masu rakiya suka hango shi a gaɓa, ba za a sauka a wurin ba sam, daga jirgi ko kwale-kwale za a kalla, su kuma suna ɗauke da bindiga a kowace fita, kada ka rabu da ayari don neman hoto.

Jirgi marar matuƙi ka bar shi a ɗakinka. An hana tashinsa a yankunan da aka keɓe, waɗanda su ne mafi yawan inda za ku bi, kuma kamfanonin ba sa yarda fasinja ya tashe shi.

A can rana ba ta faɗuwa ko kaɗan daga wajen 20 ga Afrilu har bayan tsakiyar Agusta, don haka ka tafi da abin rufe ido na barci, kuma duk sallolinka biyar na ƙaddarawa ne, ka tambayi malami kafin ka tashi. Sannan ka duba bizarka da kyau. Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, amma jirgin sama ta Oslo ko Tromso na Norwe yake bi, wato za ka shiga yankin a tafiya, ka sake shiga a dawowa. Da fasfon Najeriya, ka nemi biza mai shiga sau biyu ko fiye, ka kuma faɗa musu dalili a takardar nema.